Shekarar da Baba Ya Daina Faɗa

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, kuma abin da zan faɗa ya shafi mahaifina, wanda Allah ya yi wa rasuwa. Na ji tsoron kada ya zama na ci naman mamaci. Na tambayi limaminmu, ya ce in dai ba ƙarya zan ƙara ba, ba kuma aibu zan tona ba, babu laifi. Duk da haka sai da damina ta wuce aka yi kaka ina juya maganarsa, don ban tabbata ya fahimci tambayar tawa sosai ba. Abin da ya zaunar da ni yanzu shi ne wani abu ya fara faruwa da ni kaina, kuma ban yarda da shi ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Zango. Baba manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa. Tun da na yi wayo na san shi da zafi. Ba mugu ba ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma zuciyarsa ba ta kwanciya. In hadari ya haɗu ya ce zai yi yawa ya kwantar da gero, in ya watse ya ce shi ke nan an shiga fari. Bakin rumbunsa da igiyar rama yake ɗaure shi, ƙulli irin nasa wanda ba mai iya kwaikwaya, sannan ya soka ɗan tsinke a cikin ƙullin. Kullum da safe kafin ya karya sai ya je ya duba tsinken. In ya karkace, ko da iska ce ta taɓa shi, ranar ba mai sakewa a gidan. Ni ma na gado shi a damuwa, sai dai tasa waje take fita, tawa a ciki take zama.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", har bayan na yi aure na tara 'ya'ya. Ba ma zama a tabarma ɗaya. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, matata ce ke kula da abincinsa.

Sana'ata a lokacin rakiyar shanu ce. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillali ne a karar Mai'adua, shi ya sa ni a hanya. Ana loda shanu a babbar mota, mu hau katakon sama mu bi su har Kudu, muna tayar da wadda ta kwanta kada sauran su tattake ta. Kafin a isa, a sayar, a dawo, an ci makonni. Wayar hannu ba ta iso ƙauyenmu ba tukuna. Na ga abokin tafiyata ya sauka daga mota da tsarabar goro da burodi, ya tarar an riga an yi addu'ar bakwai ta mahaifiyarsa. Tun daga ranar abu ɗaya ya zauna mini a rai: kada Baba ya rasu ba na nan, wasu su yi masa wanka su sa shi a makwancinsa, ni ina saman mota ina jan wutsiyar saniya.

Canjin ya fara ne a shekarun farko da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, lokacin da kowace kasuwa akwai mai wa'azi da lasifikarsa. Baba ya haura sittin. Da kaka, mun jibge dammunan gero a tsakar gida ba mu kai ga sa su a rumbu ba, sai akuyar maƙwabta ta shigo ta kafa kai. Yara suka ruga ɗaki tun kafin ya buɗe baki. Baba ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Ku bar ta ta ƙarasa wannan zangarniyar, ai ta riga ta ɓata ta." Har da 'yar dariya. Matata ta dube ni, na dube ta.

Ba a daɗe ba ya sake yin wani. Akwai maƙwabcinmu na gona da suka shekara da shekaru suna rigima a kan layin gamba da ke kan iyaka, har gaban mai gari sun sha zuwa. Baba ya sa takalminsa ya tafi gidan mutumin da ƙafarsa, ya ce masa ya yanke gambar ya yi zana, ya bar masa.

A wajenmu kowa ya san abin da ake cewa in tsoho ya sauya hali haka, ya yi sanyi, ya fara neman shiri da abokan rigimarsa. Na sha ji a zaman makoki: "Ai dama kwanan nan ya yi sanyi, ashe bankwana yake yi da mu." Ban gaya wa kowa ba, amma na fara sa masa ido.

Sai wata safiya, ina gyara mangalar jaki, na ji an kira sunana. Sunana na yanka, cikakke. Na waiwaya ina neman baƙo, na ga Baba ne tsaye a gindin rumbu da igiya a hannu.

"Zo ka karɓa. Daga yau kai za ka riƙa ɗaurewa."

Na durƙusa na ce, "Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Na gaji da gadin tsinke ne."

Ranar kasuwa ta gaba ban je tamu ba, na wuce Daura inda ba a san ni sosai ba, na yanko farin alawayyo na likkafani, na haɗa da turare. Har yau ban ga laifin wannan ba, tanadi ne. Na naɗe shi a leda na cusa a ƙasan adakar matata. Daga nan na je na sami Kawu a kara na ce masa ba zan bi motar wannan makon ba.

Ya ce, "Me ya sami mijin yayata?"

"Ba komai tukuna, Kawu."

"Yana cin tuwo?"

"Har ƙari yake nema."

"To kai ne ba ka da lafiya. Mutum ya daina zagin jama'a sai ka ce tafiya zai yi? In daina faɗa ne ke kashe mutum, gwaggonka sai ta ga tashin alƙiyama da idonta."

Gwaggon da yake nufi yayar Baba ce, wadda ta fi shi zafi, ko kaza ce ta ratsa ta ƙofar ɗakinta sai ta ji asalin kakanninta. Dillalan da ke wurin suka yi ta dariya. Ni ban yi ba. Kawu ya riƙe mini gurbina har rani ya ƙare, da ya ga ba ni da niyya ya ba wani.

Na zauna a gida ina jira. Da safe in gaishe shi in dubi ƙafafunsa ko sun kumbura. In ya yi tari in bar abin da nake yi. Amma aka yi azumi, aka yi salla, Baba sai ƙara murmurewa yake yi. A nan zuciyata ta koma wani wajen. Na ce ko maƙwabcin gonar nan ne ya yi masa asiri don ya sanyaya shi, yau gamba, gobe gonar gaba ɗaya? Tun da suka shirya, gidansu kan aiko wa Baba da fura. Na sa matata ta riƙa kawo mini ƙwaryar tukuna, in ɗiba in zuba wa kaji, in zauna ina kallonsu. Kajin ba su canja hali ba, zakaran ma ya ci gaba da dukan 'yan uwansa kamar kullum. A lokacin kuwa masu wa'azi ba abin da suka fi ja wa mutane kunne a kai kamar mugun zato da bin bokaye, don haka ba wanda zan iya kai wa maganar. Sai in yi istigfari, in fura ta sake zuwa in sake kiran kaji.

Da wannan bai ba ni komai ba, na ce ko gigin tsufa ne ya fara. Na riƙa yi masa tambayoyi a fakaice, wace gona ce ta Kaka, wace shekara fara ta cinye dawa. Ya amsa duka, har ya gyara mini wasu. Rannan ya ce, "Gwada ni kake yi ka ga ko na fara ruɗewa? Tambayi mai wuya mana."

Na ce to ko ciwo yake ɓoyewa. Na ɗauke shi a babur zuwa asibitin sha-ka-tafi, na ce masa ana duba tsofaffi ne. Malamin asibitin ya ɗaura masa abin awon jini a dantse, ya ce lafiyarsa lau. Baba ya ce, "To auna na wannan, shi ne ba ya barci." Aka auna, nawa ne ya hau. Tun daga asibiti har gida ina jin cikinsa yana girgiza a bayana don dariya. Ni abin da nake tunani a kan babur ɗin shi ne ko na'urar ta lalace.

Likkafanin bai yi shekara biyu a adaka ba aka buƙace shi, amma ba don Baba ba. Wani amininsa, sa'ansa, wanda shi bai taɓa saukowa daga zafinsa ba, yana cikin musu da mai awo a kasuwa ya yanke jiki ya faɗi. Kafin la'asar ya cika, kuma ba farin yadi a ƙauyen. Baba ya kira ni zaure.

"Ɗauko farin yadin nan na ƙasan adakar matarka ka kai musu."

Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Tun ranar da ka shigo da shi na sani. Mutum ba ya dawowa daga Daura yana tafiya a karkace da leda a hammata sai da dalili. Na duba shi kuwa, mai kyau ne, ba ka yi mini rowa ba."

Na kai musu. Da aka share makoki na koma Daura na yanko wani. Sannu a hankali ƙauye ya san gidanmu ba ya rabo da likkafani, in an yi rasuwa ba shiri sai a aiko. Baba ya sa masa suna "rigata". In ya ga na buɗe adaka sai ya ce, "An sake zuwa aron rigata? Ka ce musu su daina, kada ranar tafiya ta zo in fita ba riga."

Na lura da waɗanda suka tafi a cikin rigunan nan. Da yawa daga cikin sa'o'in Baba da suka riga shi, masu ɗaukar abu da zafi ne, waɗanda ke kwana da rigimar iyaka ko ta gado a rai. Har na fara cewa a zuciyata ashe sanyin nan ba bankwana ba ne, shi ne ma ke riƙe da shi. Sai ladaninmu ya rasu, mutumin da ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba in ba kiran salla ba, bai ko yi furfura sosai ba. Gwaggo kuma tana nan daram, haƙori ya ƙare amma zagi bai ragu ba. Duk lokacin da na ga kamar na kama bakin zaren, sai ɗayan biyun nan ya kwance mini shi.

Sau ɗaya na tambaye shi kai tsaye. Yana zaune yana tufka igiya, na tsuguna nesa kaɗan, ya nuna mini gefen tabarmarsa. Na ce, "Baba, me ya sa ka daina faɗa?"

Ya ce, "Ban daina da gangan ba, abin ne ya daina zuwa. Da in na ga akuya a gona, yunwar baɗi nake gani. Yanzu akuya kawai nake gani. Na ga fari, na ga fara, na binne mahaifiyarka. Abin da na kwana ina tsoro, wani bai zo ba, wani ya zo ta ƙofar da ban tsare ba. Riƙe mini nan."

Na riƙe masa bakin igiyar. Maganar ta shige ni, amma daga baya da na juya ta sai na ga ta yi daidai da yawa, kamar wadda aka shirya don a kwantar mini da hankali. Mai bankwana ma ai haka zai ce.

Bayan wasu shekaru Kawu ya zo gida da kansa, ya ce gurbi ya sake samuwa a motarsu. Lokacin waya ta zo, har matata tana da ita. Ya ce, "In wani abu ya faru ai za a kira ka."

Na ce, "Za a kira ni, Kawu, amma waya ba za ta ɗauko ni daga Kudu kafin a kai shi ba."

Baba yana ji, ya ce, "Tafi abinka. In na ji abin ya taso zan jira ka a zaure."

Ban tafi ba. Na tsaya a noma da ɗan kiwon tumaki, gidan ya ɗan matse, yara suka saba da tsofaffin kaya ranar salla. Matata ba mai yawan magana ba ce, amma rannan tana tankaɗe ta ce, "Malam, mutumin nan fa shi zai binne mu duka, kai kana nan kana gadinsa." Ni dai a raina na san ranar da na hau motar nan ita ce ranar da zai tafi.

Haka muka yi kusan shekara ashirin. Jikokin da na ɗauka ba zai ga yayensu ba, da shi aka ɗaura aurensu. Ya rage ji, ya koma tafiya da sanda, amma yara ba sa barin gindin rumbu in yana wurin.

Makonsa na ƙarshe, faɗa ya dawo. Ba mai yawa ba. Ya ce kunu ya yi ruwa, ya ture kofin. Washegari ya dogara sanda ya je ya duba ƙullin rumbu, ya ce, "Wannan ɗauri ne? Ko ɗan akuya ya kwance shi." Ya sa na sake, ya nemo tsinke ya soka da hannunsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ce a raina Baba na da ya dawo, ashe bankwanan ya fasa. A karon farko tun daga ranar akuya na yi barci har matata ta tashe ni salla. A makon ne aka zo aron rigarsa daga wata ruga, na bayar, ban kuma yi gaggawar zuwa Daura ba.

Wani hantsi yana zaune ya jingina da ƙafar rumbu yana shan rana, ni ina gefensa a tabarma ɗaya ina gyara ƙotar fartanya. Ina ba shi labarin hadarin da aka gani ta wajen Mashi, da wanda ya ce an riga an yi shuka a can kudu. Na daɗe ina magana. Dama tun da jinsa ya ragu ba kullum yake amsawa ba. Matata ta fito da kunu, ta durƙusa ta miƙa masa, ta daɗe a haka. Sannan ta ajiye kofin a ƙasa a hankali ta ce, "Malam, da wa kake magana?"

Ni na yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi. Likkafanin daga gidan maƙwabcin gonar nan ya fito, ɗansa ne ya kawo, ya ce mahaifinsu kafin ya rasu ya bar wasiyya cewa na Baba a kansu yake. Abin da na bar hanya dominsa na same shi, ina nan. Amma kafaɗata tana kusan taɓa tasa, ban ji lokacin da ya tafi ba. Na tambayi liman ko wannan ya zama na halarta, ya ce ya zama. Gwaggo ta zo makoki a bayan babur, ta yi wa masu dafa abinci faɗa a kan gishiri, ta ƙara shekaru a bayansa.

Yanzu na kai shekarun da Baba yake da su ranar akuya. Da kakar da ta wuce mun shanya gyaɗa, sai ga ruwan bazata. Yara suna gudu da buhuna suna kwasa, na tsinci kaina tsaye a bakin zaure ina kallo, ba abin da ya motsa a ƙirjina. Har na ji bakina yana cewa, "Ku bi a hankali, kada wani ya zame." Babban ɗana ya dubi uwarsa, ta dube shi. Na san wannan kallon. Da suka fita na buɗe adaka na duba har ƙasa, ban ga komai ba. Ko dai sun fi ni iya ɓoyo, ko kuwa ba su damu ba, ban san wanda ya fi ba. Malamin asibiti ya ce jinina ya sauka, ina kuma barci, tsinken rumbu ma sai in wuni ban tuna da shi ba. Ban sani ba ko wannan shi ne sanyin da ya riƙe Baba shekara da shekaru, ko kuwa shi ne wanda ake magana a kai a zaman makoki.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, in akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da kuka san su da zafi sannan suka yi sanyi, ku taimaka ku aiko mini ta hannun waɗanda suka buga rubutun nan: suna kamar shekara nawa abin ya fara, kuma sun daɗe bayansa ko ba su daɗe ba? In kuna da irin Gwaggo, wadda ta yi tsawon rai ba ta sauko ba, ita ma ina son labarinta. Wanda na fi buƙata shi ne wannan: ko akwai wanda ya ga faɗan tsoho ya dawo dab da rasuwarsa, kamar na Baba? Ku faɗa mini yadda abin ya faru, kada ku gyara shi don ku kwantar mini da hankali, zan gane.